Harsashin Aboki: Yadda Dariya Ta Shiga Wasannin Harbi na Kwamfuta

A cikin wasannin kwamfuta akwai wani nau'i da ake kallon duniya ta idon wanda ake sarrafawa. Ba ka ganin jikinsa, sai hannunsa da bakin bindigarsa a ƙasan allo, duk inda ka juya kuma duniyar ta juya tare da kai. Wanda ya taɓa buga Call of Duty a waya ya san abin da muke nufi. Yawancin irin waɗannan wasanni gasa ce, kowa na farautar kowa. Amma akwai wani reshe da ya bambanta. A cikinsa mutum biyu zuwa huɗu ke tsayawa gefe ɗaya, abokan gabarsu kwamfuta ce ke tuƙa su, kuma tun daga tushe an gina wasan ne don a sha dariya.

Mu da muke rubuta manhaja da rana, mu buga irin waɗannan wasanni da dare, muna ganin tarihinsu ya cancanci a ba da shi, domin akwai darasi guda da masu ƙirƙirarsu suka ɗauki kusan shekara talatin suna koya. Barkwancin da marubuci ya rubuta ya sa a bakin jarumi, sau ɗaya ko biyu yake ba da dariya, daga nan ya zama hayaniya. Dariyar da ba ta tsufa ita ce wadda ke fitowa daga abin da abokinka ya yi maka, ko ka yi masa, a lokacin da kowannenku ke buƙatar ɗan'uwansa.

Ƙwayar ido da fuska mai murmushi

Asalin wannan nau'i ya girmi intanet ɗin da muka sani. A 1973, a cibiyar bincike ta Ames ta hukumar NASA da ke Kalifoniya a Amurka, wasu matasa uku, Steve Colley da Greg Thompson da Howard Palmer, suka rubuta wani wasa mai suna Maze. Lunguna ne kawai da aka zana da layuka, mutum na yawo a cikinsu. Da suka haɗa kwamfuta biyu da waya, sai ya zama mutum biyu na iya ganin juna a lungunan, kuma ba a jima ba aka ƙara damar harbi. A 1974 Thompson ya tafi da wasan jami'ar MIT, inda shi da Dave Lebling suka faɗaɗa shi har ya ɗauki mutum takwas. Sanannen fasalin wannan wasa, wanda daga baya aka fi sani da Maze War, shi ne kowane ɗan wasa yana bayyana ga sauran a matsayin ƙatuwar ƙwayar ido mai shawagi.

A 1987 aka fitar da MIDI Maze a kan kwamfutar Atari ST. Masu shi sun yi wata dabara da har yau take burge masu rubuta manhaja. Kwamfutar tana da wasu kafofi da aka tanada don jona kayan kiɗa na lantarki, sai suka yi amfani da su suka jera kwamfuta har 16 a zobe ɗaya. 'Yan wasan kuwa ƙwallaye ne masu fuskar murmushi, suna harbin juna da murmushin a fuska. Ke nan tun kafin a kawo jini da dodanni, siffar wannan nau'in wasa ta fari abin dariya ce. Abin da bai zo ba tukuna shi ne tsayawa gefe ɗaya.

Doom da ranar da aka cunkushe layukan ofis

Ranar 10 ga Disamba, 1993, wani ƙaramin kamfani a jihar Teksas, id Software, ya ɗora kashin farko na wasan Doom kyauta a kwamfutar jami'ar Wisconsin. Masu son saukewa suka yi yawa har kwamfutar ta tsaya. Doom labarin soja ne da ke yaƙar shaiɗanu a sansanonin da ke kan watannin duniyar Mars, babu raha a cikin labarin ko kaɗan. Amma ya zo da abu biyu: mutum huɗu na iya haɗa kwamfutocinsu su yaƙi juna, ko kuma su haɗa kai su bi matakan wasan tare.

Yadda John Carmack ya tsara wannan haɗin yana da sauƙin fahimta. Babu wata kwamfuta da ke shugabanci. Sau 35 a kowace daƙiƙa, kowace kwamfuta tana aika wa sauran madannan da mai ita ya danna, sannan kowacce ta lissafa duniyar wasan da kanta, su fito da amsa iri ɗaya. Illar wannan ita ce tafiyar ayari ce, mai jinkiri ɗaya ya isa ya tsayar da kowa. Fitowar farko kuma tana watsa saƙonninta ga duk kwamfutar da ke kan layin, har waɗanda ba sa wasan, shi ya sa layukan ofisoshi da jami'o'i suka riƙa cunkushewa. Kamfanin Intel da jami'ar Carnegie Mellon na cikin waɗanda suka hana buga shi a lokacin aiki.

A nan ne dariyar haɗin gwiwa ta fara, ba tare da kowa ya shirya ta ba. A Doom harsashin abokinka yana yi maka illa kamar na maƙiyi. Lungunan ƙunci ne da su, akwai durorin guba masu fashewa a ko'ina, akwai bindigar roka wadda ba ta san na gida ba. Mutum ya shiga gaban abokinsa daidai lokacin da ya saki roka, su biyun su faɗi, dodon da aka nufa kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Babu marubucin da ya rubuta wannan. Dokokin wasan ne suka ba da dama, 'yan wasa suka cika sauran.

Zamanin jarumi mai baki

Kamfanonin da suka biyo baya sun ga cewa ana son dariya, amma sai suka neme ta a bakin jarumi. A Janairun 1996 kamfanin 3D Realms ya fitar da Duke Nukem 3D. Jaruminsa ƙato ne mai baƙin tabarau da cika baki, wanda Jon St. John ya ba murya, yana jefa magana bayan kowane harbi, yawancinta kwaikwayon finafinan Amurka na lokacin. Akwai bindigar da ke ƙanƙantar da maƙiyi ya koma kamar ɓera a taka shi, akwai wadda ke daskarar da shi. Mutum takwas na iya wasa tare. Ya yi kasuwa sosai, duk da cewa wani ɓangare na barkwancinsa batsa ce da rena mata, abin da aka soke shi a kai tun lokacin.

Abin da ya faru da magajinsa ya isa hujja. An sanar da Duke Nukem Forever a 1997, bai fito ba sai 2011. A cikin waɗannan shekaru 14 duniya ta yi gaba, barkwancin ya tsaya inda aka bar shi. Da ya fito masu sharhi suka yi masa ca, mafi yawan ƙorafin kuma shi ne rahar ta yi tsami. Magana ce aka naɗa tun wani zamani, aka kawo wa mutanen da ba su ne aka yi dominsu ba.

Wata hanya ta daban ta fito daga inda ba a zata ba. A birnin Zagreb na ƙasar Kuroshiya, wani ƙaramin kamfani mai suna Croteam ya fitar da Serious Sam a Maris na 2001. An kafa labarin a tsohuwar Masar, filaye ne manya, maƙiya kuma ɗaruruwa a lokaci guda, mutum har 16 na iya haɗa kai. Wanda kowa ke tunawa a cikinsa shi ne wani maƙiyi marar kai, riƙe da bam a kowane hannu, yana tahowa a guje yana kurma ihu. Ba shi da kai, balle baki, amma ihun na fita. Kana jin sa tun daga nesa kafin ka gan shi, ihun na ƙaruwa, sai ka ga ashe ba ɗaya ba ne, su talatin ne suka ɓullo daga bayan tudu. Abin dariyar a nan ba magana ba ce. Yanayi ne da ke sa jarumai 16 ja da baya a guje suna karo da juna. Croteam sun gano cewa tsoro da dariya maƙwabta ne, kuma idan an firgita tare, dariyar ta fi daɗi.

Left 4 Dead: an ɗaure mutum huɗu da igiya ɗaya

Har zuwa wannan lokaci haɗin gwiwa ƙari ne kawai. Wasan na mutum ɗaya ne, aka buɗe ƙofa ga wasu. Gwani na iya wucewa gaba ya gama komai, sauran su biyo sawu. Wanda ya sauya wannan shi ne Left 4 Dead, wanda Michael Booth da kamfaninsa Turtle Rock suka fara, Valve ya fitar a Nuwamban 2008.

Mutum huɗu ne, Bill da Zoey da Louis da Francis, suka tsira daga wata annoba da ta haukatar da mutanen gari, suna neman hanyar fita. An tsara maƙiyan ta yadda babu gwanin da zai tsira shi kaɗai. Hunter yakan daka tsalle ya danne ka, ba ka iya tashi sai wani ya ture shi. Smoker yakan jefo dogon harshe daga saman gini ya janye ka. Boomer, wani mai ƙaton ciki, yakan kelaya maka amai, idonka ya rufe, warin kuma ya kira gungun mahaukatan su yo kanka. Witch tana zaune a duhu tana kuka, ba ta taɓa kowa sai wanda ya haska ta da tocila ko ya matsa kusa da ita. Idan ka faɗi, sai aboki ya tsaya ya ɗaga ka, yana ba maƙiya baya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a nan dokar wasa ce aka rubuta cikin manhaja.

Bayan fage kuma akwai abin da suka kira Darakta. Wata manhaja ce da ke auna irin wahalar da kowane ɗan wasa ke sha: an ji masa ciwo, ya faɗi, maƙiya sun mutu dab da shi. Idan ma'aunin ya kai ƙololuwa, Darakta ya janye maƙiya na daƙiƙa 30 zuwa 45 don a huta, sannan ya sake turo su. Ba a ajiye maƙiya a wuri ɗaya kullum, saboda haka haddace hanya ba ya ceton kowa. Wannan hawa da sauka shi ne numfashin barkwanci. Mai ba da labarin ban dariya ya san inda zai ja rai da inda zai saki. A cikin wannan ɗan hutun ne ake samun sararin tambayar wane ne ya harbi motar da ƙararrawarta ta tara mana jama'a, kowa na rantsuwa ba shi ba ne.

Valve sun kuma gyara matsalar magana mai maimaituwa. Maimakon a ce duk wanda ya iso wuri kaza a kunna magana kaza, sun tara dubban maganganu, kowacce da sharuɗɗanta: wa ke magana, wa ke kusa, wa ya ji ciwo, me aka riga aka faɗa. Idan abu ya faru, manhajar ta zaɓi maganar da sharuɗɗanta suka fi dacewa da halin da ake ciki. Elan Ruskin ya yi bayanin wannan tsari a taron masu ƙera wasanni na 2012. Sakamakon shi ne idan ka harbi abokinka bisa kuskure, jaruminsa zai juyo ya yi maka masifa da sunanka. Rubutacciyar magana ta koma mai yi wa abin da 'yan wasa suka aikata sharhi.

A Left 4 Dead 2, wanda ya fito a Nuwamban 2009, sun ƙara sakin jiki. Ana iya yaƙi da kaskon suya, yana ƙara kamar an buga ƙararrawa. Akwai Ellis, wani bakanike da ke fara dogon labarin abokinsa Keith a lokacin da bai dace ba, sauran su katse shi. Akwai kuma wani ɗan mutum-mutumin lambu da ake ba da lambar yabo ga wanda ya ɗauke shi har ƙarshen wani babi. Mai riƙe da shi ba ya iya harbi, saboda haka mutum uku ne za su yi ta kare na huɗu, shi kuwa yana rungume da ɗan tsana a tsakiyar tashin duniya.

Borderlands da rabon ganima

A Oktoban 2009 kamfanin Gearbox na Teksas ya fitar da Borderlands. Da aka fara nuna shi a 2007, kamanninsa irin na sauran wasannin yaƙi ne, ƙura da launin toka. Ana dab da gamawa suka sauya zanen gaba ɗaya ya koma kamar littafin zane mai kaurin layi, rahar ma ta biyo baya. Ga Claptrap, wani ɗan mutum-mutumin ƙarfe mai taya ɗaya da surutun tsiya. Ga bindigogi da manhaja ke haɗawa da kanta daga sassa daban-daban, har adadin nau'o'insu ya haura miliyan 17. A Borderlands 2 na 2012, wanda Anthony Burch ya jagoranci rubuta shi, akwai bindigar da idan harsashinta ya ƙare jefa ta ake yi ta fashe, wata sabuwa ta bayyana a hannu. Akwai wadda ke tsala ihu duk lokacin da aka harba ta.

Borderlands ya tsaya da ƙafa ɗaya a kowane ɓangare. Yana da tarin rubutaccen barkwanci, musamman a bakin mugun labarin, Handsome Jack, wanda ke kiranka ta rediyo yana yi maka ba'a. Wannan ɓangaren shi ne ya fi saurin tsufa, kuma shi aka fi kuka da shi da Borderlands 3 ya fito a 2019. Fim ɗin da aka yi daga wasan a 2024, wanda ya ɗauki jaruman da barkwancinsu amma ba shi da yadda zai ɗauki 'yan wasa, ya faɗi a kasuwa. Abin da 'yan wasa ke ba juna labari har yau shi ne rabon ganima. A wasannin farko, idan babban dodo ya faɗi ya zubar da bindigogi, na kowa ne, wanda ya riga ya ɗauka. Nan ake gane halin aboki: wanda ya ɓuya lokacin faɗa amma ya fi kowa gudu lokacin kwasa. Rigimar ta yi yawa har Borderlands 3 ya ba da zaɓi, ko kowa da nasa rabon, ko a bar shi yadda yake a da.

Wadannin Denmak

Inda darasin ya nuna sosai, a ganinmu, shi ne Deep Rock Galactic. Kamfanin Ghost Ship Games, wanda aka kafa a Kopenhagen ta ƙasar Denmak a 2016, ya fara sayar da shi tun ana kan gina shi a Fabrairun 2018, ya kammala ranar 13 ga Mayu, 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida. 'Yan wasan wadanni ne irin na tatsuniyoyin Turawa, gajeru masu gemu, ma'aikatan wani kamfanin haƙar ma'adinai a wata duniya mai suna Hoxxes IV. Ana jefa su cikin kogo mai duhu, su haƙo abin da aka aike su, manyan ƙwari masu kama da gizo-gizo suna kawo musu hari.

Aikin kowa daban. Mai leƙen hanya yana da bindigar haske da ƙugiya mai igiya da ke kai shi sama. Injiniya yana manna dandamali a jikin bango. Mai haƙa yana huda dutse ya yi hanya. Mai babbar bindiga yana ɗaura igiyar tsallake rami, yana kafa garkuwa. Idan ma'adini na can saman bango, mai leƙen hanya zai haska, injiniya ya manna masa wurin tsayawa, shi kuma ya hau ya saro. Idan injiniya ya yi jinkiri da daƙiƙa ɗaya, mai leƙen hanya ya faɗo ƙasa warwas. Manhaja ce ke zana kogon sabo a kowane aiki, kuma kusan duk bangon ana iya fasa shi, saboda haka hanyoyin yin kuskure ba sa ƙarewa. Mai haƙa yana ɗauke da nakiya, kuma jefa ta inda mai leƙen hanya ke tsaye ya zama tsohuwar tsokana a tsakanin masu wasan, kamar wasan taubasai: kowa ya san za a yi, wanda aka yi wa ya yi ta mita, ba a riƙe shi a zuci.

Masu wasan sun ba da kayan raha, suka bar 'yan wasa su yi amfani da su. Akwai madanni guda da ba ya yin komai sai ɗaga diga sama da kirarin ma'aikata na dutse da duwatsu. Ba ya ƙara maki, amma ana danna shi a gaisa, a yi godiya, a ba da haƙuri bayan an harbi aboki. Akwai ɗan haske na nuna abu, wanda idan ka nuna sai wadanka ya faɗi sunan abin. Idan aka ci karo da ƙaton curin zinariya, sai duk huɗun su tsaya suna nuna shi suna ihun sun yi arziki, har jami'in da ke ba su umarni ta rediyo ya ƙosa ya ce su koma bakin aiki. Da waɗannan madannai biyu, mutumin Brazil da na Poland da na Najeriya za su gama aiki tare su yi dariya tare, ba wanda ya ji yaren wani.

A ƙarƙashin rahar akwai zambo. Kamfanin da wadannin ke yi wa aiki ya fi damuwa da kayansa fiye da rayukansu. Idan an gama haƙa, na'urar da ke ɗauke da ma'adinan ita ke fara kama hanyar jirgi, ma'aikata kuma a ba su 'yan mintuna su iso, in ba haka ba a tashi a bar su. Dokar wasa ta ce mutum ɗaya ya isa jirgin ya wadatar a ci nasara. Duk da haka al'adar da ta kafu a tsakanin 'yan wasa ita ce ba a barin kowa a baya, sai ka ga mutum ya fito daga jirgin da ya riga ya shiga, ya koma cikin ƙwari don ya ɗago wanda bai taɓa gani ba. Wanda ya san aikin gayya zai gane wannan: aikin na gaske ne, wahalar ta gaske ce, tsokana da shewa kuma su ne ke sa a kai ƙarshen gona.

Shin harbi abin dariya ne?

Mai karatu da ke zaune inda ƙarar bindiga ba wasa ba ce yana da haƙƙin yin wannan tambaya, kuma tambayar ta girmi yawancin wasannin. Kwana ɗaya kafin fitowar Doom, ranar 9 ga Disamba, 1993, majalisar dattawan Amurka ta zauna sauraron bahasi kan tashin hankali a wasannin bidiyo, abin da ya kai ga kafa hukumar ESRB mai sanya wa wasanni alamar shekaru a 1994. A 2009 hukumar tace wasanni ta Ostareliya ta ƙi amincewa da Left 4 Dead 2 sai da aka rage jinin da ke ciki.

Wasannin ba ɗaya ba ne, bai kamata a yi musu kuɗin goro ba. Borderlands yakan sa ka yi dariya a kan mutuwar mutane, wani lokaci rahar tasa da mugunta a ciki. Shi da Left 4 Dead alamar 'yan shekara 17 zuwa sama aka sa musu, kuma ya dace iyaye su ɗauki alamar da muhimmanci. Deep Rock Galactic alamar 'yan 13 zuwa sama gare shi, maƙiyansa ƙwari ne da injuna, sai dai akwai mashaya a sansanin wadannin, wadda ita ma ya kamata a sani. Amma idan aka bi tarihin daga farko, za a ga inda abin dariyar ya koma. A zamanin Duke Nukem ana yi wa wanda aka harba dariya. A wasannin baya, wanda ake yi wa dariya shi ne mai riƙe da bindigar: ruɗewarsa, kwaɗayinsa, da yadda ya faɗa ramin da ya haƙa da hannunsa. Shaida ita ce wasannin da suka gaji wannan hanya sun fara ajiye bindigar ma. A Lethal Company, wanda mutum ɗaya mai laƙabin Zeekerss ya fitar a Oktoban 2023, 'yan wasa tarkacen ƙarfe suke tsinta, yawanci ba makami a hannunsu sai shebur. Muryar abokinka tana raguwa idan ya yi nisa, saboda haka kana iya jin sa yana tsakiyar magana a wani ɗaki, maganar ta yanke kwatsam. Miliyoyin mutane sun saye shi saboda wannan shirun.

Abin da ya rage a hannu

Akwai dalilin fasaha da ya sa wannan nau'i ya dace da abokan da nisa ya raba. Haske a cikin wayar gilashi ta intanet yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Saƙon da zai je kilomita 5,000 ya dawo zai ci aƙalla kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa, tun kafin a lissafa jinkirin na'urorin da ke kan hanya. A wasan gasa wannan ɗan jinkiri ya isa ya sa wanda ke kusa da babbar kwamfutar wasan ya riga ka harbi kullum. A wasan haɗin gwiwa kuwa ƙwaron kwamfuta ba ya ƙorafin an cuce shi, don haka masu rubuta manhajar suna iya yi wa mai jinkiri sassauci. A Deep Rock Galactic kwamfutar ɗaya daga cikin 'yan wasan ce ke riƙe wasan, sauran su jona da ita. Wanda ke Kano da ɗan'uwansa da ke karatu a Alƙahira da abokinsu da ke aiki a Ingila za su iya shiga kogo ɗaya.

Wasan gasa yana auna wanda ya fi. Idan aka faɗi, sai a nemi mai laifi, shi ya sa zagi ya yi yawa a can, sabon shiga kuma ya zama kaya. Wasan haɗin gwiwa mai raha ya ɗauki faɗuwar nan ya mai da ita abin da aka zo nema. Wanda bai iya ba yana da amfani, domin shi ne zai taɓo Witch, shi ne zai jefa nakiya a inda bai dace ba, labarinsa kuma za a yi ta bayarwa har shekara ta zagayo. Nasarar da aka samu lami lafiya, da wuya a tuna ta bayan mako guda.

Mu masu rubuta manhaja an horar da mu mu toshe duk wata kafa da kuskure zai shigo. Masu waɗannan wasanni sun koyi barin wasu kafofin a buɗe da gangan: harsashin aboki ya yi illa, ganima ta zama ta wanda ya riga, dandamali ya makara. Sai suka sa kusa da kowace kafa hanyar gyara, hannun da zai ɗaga wanda ya faɗi, da madannin da zai ce a yi haƙuri. Left 4 Dead 2 ya haura shekara 15, har yanzu dubban mutane na buga shi kowace rana, alhali sun haddace duk maganganun Ellis. Abokan da suke shiga da su ne ba su haddace ba.